Dishi-Dishi

Kawu Mamuda na da albasa buhu ɗari uku a Mil Tuwel
da littafin bashi da ruwan Yuni ya jiƙa.
Tawada ta bi tawada,
sunan Iya Risi ya narke cikin na Ciroma,
ba a san wa ya biya, wa ya ce sai jibi ba.
Na ce, Kawu, lissafin kwamfuta ba ya jiƙewa.
Ya ce, to nuna min.

Ni ina Agege, shi yana can,
tsakaninmu gosulon awa uku,
huɗu in danfo ta mutu a Ketu.
Sai na naɗi fuskar kwamfutata ina bayani,
na tura masa ta waya, ya kalla bayan lisha.

Bidiyon ya fito kamar an shafe shi da man gyaɗa.
Takwas ta koma uku, uku ta koma takwas,
kibiya na tsalle kamar fara a kasko,
muryata na gaba, hoto na baya yana ɗingishi.
Ya kira ni:
Ke Hajara, wannan lissafi ne ko hayaƙin tsire?

Ranar Laraba na shiga kasuwar kwamfuta a Ikeja.
Ƙarƙashin wani bene, shagon da bai kai tabarma faɗi ba,
Gbenga na zaune da sukundireba a bayan kunne,
Hausarsa ta Sabon Gari, inda aka yanke masa cibi.
Ya ce, rufe tagogin nan goma sha bakwai,
injinki numfashi yake nema.
Ƙara wa haruffa girma.
Kar ki kwashe allon duka, yanki gurbin da kike aiki.
Linzamin kuwa, ja shi sannu,
kamar kina tsallakar da tsohuwa titi a Oshodi.
In za ki aika, aika shi a matsayin fayil,
in ba haka ba waya za ta matse shi
yadda kwandasta ke matse mutum biyar a kujerar huɗu.
Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce in gaida Arewa.

Ƙarfe biyun dare janareton maƙwabta ya yi shiru.
Na kashe fanka don kar ta shiga sauti,
sauro ya samu gari, zufa ta sauko har gwiwar hannu.
Ɗauka ta huɗu, wani kare.
Ta shida, na yi tari.
Ta tara ta fito tas,
kowane ɗigo a mazauninsa,
har sifili kana iya leƙa cikinsa kamar rijiya.
Nauyinsa ya cinye min datar mako guda.
Na tura, na kwanta ina jin kaina.

Da safe:
Hajara, har yanzu fa dishi-dishi.

Asabar na tafi da kaina.
Na same shi kan buhu, ɓawon albasa har a hula,
ya miƙe hannu iya tsawonsa,
ya ƙanƙance ido yana neman wayar daga nesa.
Na goge gilashin da gefen mayafina.
Bidiyo garau, kamar ruwan randa.
Shi bai gani ba.

Kan gadar masu ƙafa akwai mai tallan tabarau a faranti.
Muka gwada ɗaya, biyu, na huɗu ya zauna.
Kawu ya yi shiru, yana bin kibiyata layi-layi,
leɓensa na motsi.
Can ya ce, ashe dubu tamanin nake bin Ciroma,
ni da nake ta ce masa talatin!

Sannan ya ɗago, ya dube ni ta cikin sabon gilashi,
ya daɗe.
Ya ce, ke kuma,
yaushe kika rame haka?